Yadda za ka sasanta da iyaye kan inda za a yi hutun sallah

Babbar sallar 2023 ta faɗo ne ranar Laraba 28 ga Yuni, wata guda kacal bayan an cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki. Ni ina aiki a Abuja, iyayena suna Funtua, na zauna na yi lissafin kuɗin man zuwa da dawowa da rago da goron sallah na ga abin ba zai kama ba, sai na yi abin da yawancinmu muke yi, na yi shiru ina ta ɗage maganar wai ko Allah zai kawo wata hanya, har sai da ya rage kwana 3 sannan na kira Umma na ce mata bana fa ba za mu samu zuwa ba. Ta yi ɗan jim, sai ta ce "to ba komai, Allah ya kai mu ta baɗi da rai da lafiya", ta tambayi yara, ta kashe waya. Ni kuma da wautata na ce wa matata ai Umma ta fahimta. Sai daga baya ƙanwata ke faɗa min tun sati biyu da suka wuce aka share ɗakinmu aka shanya katifa, an kai wa tela yadin jikoki, har shinkafar waina an ƙara mudu biyu saboda mu. Wata biyu cur in na kira gaisuwa ce kawai, lafiya lau, lafiya lau, sai an jima.

Tun daga lokacin na canza yadda nake tafiyar da wannan magana, kuma abin da zan faɗa a nan duk abin da na gwada ne ko na ga 'yan'uwa da abokai sun gwada, wani ya yi aiki wani kuma ya ƙara dagula lamarin.

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne kai da su ba magana ɗaya kuke yi ba ko da kuwa kalmomin iri ɗaya ne. Kai in ka ce ba za ka zo ba, kuɗin mota kake nufi da hutun ofis da hanya da makarantar yara. Su kuma abin da kunnensu ke ji shi ne yaron nan ya fara nisa da gida. Baba yana so ranar idi ya fito da 'ya'yansa da jikokinsa a bayansa, mutanen unguwa su gani, in an dawo a zauna a zaure ana shigowa gaisuwa yana cewa ai wannan shi ne na Abuja, wancan na Legas. Umma kuma tana lissafin sallolin da suka rage mata ne, ba za ta faɗa maka haka ba amma shi ne a ranta. To in ka zo da hujjar farashin fetur kana kawo lambobi kamar kana gaban oga a ofis, ka amsa tambayar da ba a yi maka ba ne. Hujjarka gaskiya ce fa, ban ce ka ɓoye ta ba, amma ba ita za ka sa a gaba ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Lokacin da ka ɗauko maganar ya fi abin da za ka faɗa muhimmanci, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Maganar ƙaramar sallah a yi ta tun Sha'aban, kafin a shiga azumi kowa ya shiga hidima da gajiya da saurin fushi. Ta babbar sallah kuma da an gama sittu Shawwal a fara ta. Wanda ya ji "ba za mu zo ba" wata biyu kafin lokaci zai ji ba daɗi na kwana biyu ya haƙura ya sake tsari, amma wanda ya ji ranar jajibere bayan ya gama faɗa wa maƙwabta cewa yara na hanya, kunya ka jefa shi, kuma manya sun fi saurin yafe rashin zuwa a kan kunyar da aka ba su a idon mutane.

Ka ɗauko kalanda ka duba da gaske. Sallah tana matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara, shi ya sa wata shekarar ta faɗo cikin hutun makaranta wata shekarar kuma ta faɗo daidai lokacin jarrabawa. Hutun da gwamnatin tarayya ke bayarwa yawanci kwana 2 ne, kuma sai an kusa ake sanarwa, in ya haɗu da Asabar da Lahadi ka ci riba in kuma ya faɗo tsakiyar sati to sai ka nemi ƙari daga hutunka na shekara, kuma ka san kowa a ofis ɗin nan zai nemi kwanakin nan, wanda ya riga rubutawa shi ke samu. Ƙaramar sallah tana da wata matsalar daban, ba ka san ko azumi 29 za a yi ko 30 ba sai daren da fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata, saboda haka in jirgi za ka bi ko na ƙasa ko na sama ka yanki tikitin da zai kai ka gida a ranar 28 ko 29 ga azumi, kar ka yi caca da wata. Babbar sallah ta fi sauƙi tunda da an ga watan Zulhajji ka san ranarka saura kwana 10.

Kafin ka kira gida akwai mutum biyu da za ka fara gamawa da su, matarka da 'yan'uwanka.

Ita matarka tana da iyaye, wannan abu ne da maza da yawa ke mantawa har sai an yi rigima. Tawa 'yar Gombe ce, shekara huɗu na farkon aurenmu duk sallolin a Funtua muka yi su, ni ban taɓa kawo komai a raina ba, ita kuma tana can tana suyar nama a madafar gidanmu daga safe har dare tana kallon hotunan 'yan gidansu a waya. Ranar da ta yi magana ba ta yi da daɗi ba, kuma tana da gaskiya. Abin da muka tsayar daga baya shi ne babbar sallah a Funtua, ƙaramar sallah kuma shekara ɗaya Gombe shekara ɗaya mu zauna gidanmu mu huta, in ba a je Gombe da sallah ba sai ta je ganin gida da yara a dogon hutun makaranta na Agusta. Ba dole naku ya zama haka ba, amma a samu wani tsari da aka san da shi, don rigimar da ake yi sau ɗaya a gama ta fi wadda ake sabuntawa duk wata shida.

Kuma don Allah, don girman Allah, in ka zo faɗa wa iyayenka kar ka ce "ai ita ce ta ce tana son zuwa gidansu". Kai ka fita fes, ita kuma ka haɗa ta da uwar miji har abada, gobe ko ciwo ne ya hana ku zuwa za a ce matar nan ce ta riƙe shi. Hukuncin gidanka ne, ka ɗauke shi a kanka, ka ce na ga ya dace bana in kai su Gombe su ma su gaisa da nasu kakannin. Baba da kansa zai ce ai haka ya kamata, don shi ma yana da 'ya'ya mata a gidan wasu kuma yana so a kawo masa su.

'Yan'uwa kuma, ku yi maganarku a gefe kafin ta kai ga manya. Yawancin gidaje yanzu akwai guruf na WhatsApp na iyali, wanda har su Baba suna ciki, to nan ba wurin wannan magana ba ne sam. Na ga gidan da yaya babba ya rubuta a guruf cewa bana kowa ya yi sallah inda yake saboda tsada, auta ta sa alamar dariya, mahaifinsu ya karanta bai ce uffan ba sai kawai aka ga ya fita daga guruf ɗin, sai da aka yi tattaki har gida. Ku buɗe naku na 'ya'ya zalla, ku tambayi juna wa zai samu zuwa wa ba zai samu ba, abin da ake gudu shi ne gida ya zama wayam ranar sallah. In ku shida ne, uku sun zo uku ba su zo ba, iyaye za su haƙura, amma kowa ya yi tunanin ai wane zai je, a wayi gari daga tsoho sai tsohuwa sai almajirin gida, wannan shi ne abin da ba ya goguwa. A nan ne kuma za ku gama maganar kuɗi, wa zai sayi ragon Baba, wa zai ɗauki buhun shinkafa da mai da kayan miya, wa zai yi ɗinkin Umma. A yi karo-karo gwargwadon ƙarfin kowa ba raba daidai ba, wanda ke karɓar albashin ƙaramar hukuma ba zai yi daidai da ɗan kasuwar Kantin Kwari ba, kuma kar a sanar da iyaye wa ya ba da nawa, a ce daga yara ne kawai. In gidanku na mata biyu ne ko uku, to ku ƙara kula, abin da aka kai ɗakin nan a kai ɗakin can, ko da ba daidai ba a dai kai, in ba haka ba rigimar hutu za ta koma rigimar 'yan ubanci kuma wannan ba ta da ranar ƙarewa.

Kar ka je da "ba zan zo ba" tsirara

Wannan shi ne ainihin abin da na koya. Duk lokacin da za ka faɗa wa iyaye ba za ka zo ba, ka riƙo ranar da za ka zo a hannu ɗaya. Ba "in Allah ya yarda zan shigo bayan sallah" ba, wannan sun san ta, sun sha jin ta, ma'anarta sai wata sallar. Rana takamaimai, Juma'a kaza ga wata kaza, zan kwana uku, da yara zan zo. Bambancin da ke tsakanin maganganun nan biyu kamar sama da ƙasa ne, ta farko ka ƙwace musu abu, ta biyu ka matsar da shi ne kawai, kuma Umma za ta samu abin faɗa wa maƙwabta in sun tambaya, ta ce ai suna tafe sati mai zuwa aiki ne ya riƙe shi.

Yadda za ka faɗa ma akwai. In za ka iya zuwa da ƙafarka wani ƙarshen mako kafin lokacin ya fi, in ba hali to kira, muryarka su ji, ban da rubutaccen saƙo, ban da saƙon murya na minti biyar. Ka yi gaisuwa cikakkiya, ka tambayi jiki da gona da mutanen gida, kar ka faɗa maganar kamar an koro ka. Sannan ka kawo ta a matsayin shawara ba sanarwa ba. Misali ka ce "Baba dama shawara nake nema, bana hutun kwana biyu ne kuma yara suna tsakiyar jarrabawa, na ce ko in bari sai sun gama mu taho gaba ɗaya mu yi sati, ko kuma ni in zo ni kaɗai ranar sallah in juya washegari, wanne ka ga ya fi?" Duk biyun ka san za ka iya, shi kuma ka bar masa girmansa, shi ya yanke. Sau da yawa za ka ji ya ce a'a bar yaran su gama karatunsu ku zo a tsanake, abin da kake so ke nan amma daga bakinsa ya fito, kuma abin da ya fito daga bakinsa shi zai kare shi a gaban Umma da sauran dangi.

Wa za ka fara tunkara, wannan kai ka san gidanku. A wasu gidajen in Umma ta yarda an gama, ita za ta san lokacin da za ta shigar wa Baba da maganar, bayan ya ci tuwon dare ya sake. A wasu gidajen kuma in Baba ya ji an riga an gama da uwar kafin shi, wannan kaɗai ya isa ya ce bai yarda ba. In kai ɗan fari ne da ake kunyarka, mahaifiyarka ko sunanka ba ta faɗa balle ta zauna tana ja-in-ja da kai, ba za ka taɓa jin ainihin abin da ke ranta daga bakinta ba, sai ka bi ta wajen auta ko wata ƙanwarta.

Ka koyi jin maganar manya kuma. "Allah ya yi albarka, Allah ya tsare" an yarda ke nan. "To shi ke nan" an yarda amma da ciwo, ka ƙara kira gobe. "Ba komai" a gajarce akwai komai. In kuwa aka ce maka "ai kai yanzu babba ne, yi abin da ka ga ya fi maka", ɗan'uwa kar ka kuskura ka yi abin da ka ga ya fi maka, tsaya ka ba da haƙuri tukuna. Kuma in rai ya fara ɓaci a waya kar ka tsaya kare kanka, ka ce Allah ya huci zuciyarka Baba, zan sake dubawa, ka bar maganar ta kwana biyu. Dukkanmu mun san ayar nan ta Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf" ne, amma ba ta hana ka bayyana uzurinka da ladabi ba, mutane suna haɗa biyun sai su yi shiru su ce to za mu zo, alhali sun san ba za su zo ba, ranar sallah kuma su kashe waya. Wannan ya fi muni nesa ba kusa ba.

In abin ya ci tura sai a nemi mai shiga tsakani, kuma kowane gida akwai shi. Ni gwaggona ce ta gyara min tawa ta 2023, na je har gidanta na zauna a tabarma na faɗa mata komai, ta zage ni tas tukuna, ta ce ai kai ne sakarai wa ya ce maka ana faɗa wa uwa irin wannan magana saura kwana uku, sannan ta yafa mayafinta ta tafi wajen Umma. Ban san me suka ce ba, da daddare dai Umma ta kira ni da kanta tana tambaya ko yara sun ci abinci. Kawu, baffa, aminin Baba da suke zama a ƙofar masallaci, kaka in tana raye, duk suna iya faɗin abin da kai ba ka isa ka faɗa ba. Sai dai ka zaɓi mai riƙe sirri, akwai dangin da in ka kai musu magana kafin la'asar ta zaga gari.

Sai maganar wurin kwana, wadda ta fi kowace ɓata sallar mutane a 'yan shekarun nan. Kai ka saba da fanka ko iyakwandishan, yaranka ba su san zafin watan Afrilu na Katsina ba, ga sauro, ga banɗaki ɗaya mutum ashirin, sai ka ce bari mu kama otal mu dinga zuwa da safe. A wajenka maslaha ce, a wajen Baba kuwa cewa ka yi gidan da ya raine ka yanzu ya yi maka kaɗan, kuma mutanen gari za su ce ɗan wane ya zo gari ya sauka a otal kamar baƙo. Ni dai shawarata kuɗin otal na kwana huɗu ka tura su tun wata guda kafin tafiya a gyara ɗaki ɗaya a gidan, a sa ƙaramar sola da za ta ja fanka da ƙwai biyu, sabuwar katifa, gidan sauro, a gyara banɗaki, kun tafi kuma su ne za su ci gaba da morar abin. In gidan ya cika da gaske babu wuri, to ka sauka gidan wani ɗan'uwa a unguwar ko ka bar mata da yara a gida kai ka kwana ɗakin abokinka na ƙuruciya, wannan ba wanda zai ce komai. In kuma dole sai otal ɗin, saboda rashin lafiyar yaro misali, ka faɗi dalilin tun kafin ku iso, kuma ku tabbata duk cin abincinku a gida ne, a gan ku tun karin kumallo har tuwon dare.

Akwai kuma waɗanda nasu juyin ne, su suke so iyayen su zo birni a yi sallah tare, ko a ɗauke su a je wani wuri a huta, wani abokina har ya gama shirin kai iyayensa Yankari su ga namun daji su shiga ruwan Wikki, mahaifinsa ya dube shi ya ce in bar masu zuwa gaishe ni in tafi kallon giwa? Gaskiyar tsohon ce. Ranar sallah dattijo yana da matsayi a garinsu, akwai sahun da yake tsayawa a filin idi shekara arba'in, akwai waɗanda yake aika wa cinya da waɗanda ke aiko masa, a Abuja kuwa zai zauna a falo ne yana kallon talabijin ba wanda ya san shi. Kar ka ja da shi a kan ranar sallah, ba za ka ci ba. Ka bari bayan sallah da sati biyu ka ce a zo a duba lafiya a ga likitan ido, a haɗa da hutawa, za ka ga sun yarda. Kuma ka tanadi amsar tambayoyin da za su yi, wa zai kwana a gidan, wa zai ba awaki dusa, yaushe za a dawo da mu, musamman ta ƙarshen nan, tsoho in bai san ranar komawarsa ba ba ya sakewa. Umara ce kaɗai tafiyar da ban taɓa jin an yi gardama a kanta ba, sai dai rigimar wa za a fara kaiwa.

Batun hanya kuma ba wasa ba ne, kuma a nan wani lokacin iyayen ne ke cewa kar ka zo kai kana nacewa. Wanda garinsu yake wajen Birnin Gwari ko wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina ya san abin da nake nufi. In Baba ya ce kar ka taho bana, ka ji maganarsa, shi ke kwana a wurin, ya san abin da ba a sa wa a labarai. In kuma kai ne ke tsoro su suna ganin kamar uzuri kake nema, ka yi musu bayanin yadda za ka taho a maimakon gardamar ko akwai haɗari ko babu, ka ce zan taso bayan asuba in iso kafin la'asar ba zan yi tafiyar dare ba, ko zan bi jirgin ƙasa daga Idu ta Abuja zuwa Rigasa ta Kaduna sannan in hau mota. Tun harin da aka kai wa jirgin nan ranar 28 ga Maris 2022 akwai iyayen da ko sunansa ba sa son ji, wasu kuma titin ne ba sa so, ka tambaye su wanne hankalinsu ya fi kwanciya da shi, in ba wani babban bambanci a wajenka ka bi nasu. Wata mafitar da mutane ke mantawa, a mazhabar Malikiyya da muke bi kwanakin layya uku ne, ranar sallah da kwana biyu bayanta, saboda haka wanda aiki ya riƙe ranar farko zai iya yin idi inda yake ya kama hanya washegari lokacin da titi ya yi sauƙi kuɗin mota ya sauko, ya yanka nasa ragon a gida rana ta biyu, yara su samu yawon sallah, in Kano ne ko Zariya ma su samu kallon hawa.

'Ya'ya mata, naku ya ɗan bambanta. Matar aure yawanci iyayenta ba za su ce lallai ta zo ranar sallah ba, kunya ba za ta bari ba, amma suna so, kuma shirunsu ba ya nufin ba su damu ba. Ki yi maganar da maigidanki tun da wuri kuma lokacin da yake cikin nishaɗi, ki zo masa da kwanaki da lissafin kuɗin mota a shirye, kar ki bari sai kin cika kin batse sannan ki fashe. Wadda kuma ba ta yi aure ba tana aiki a wani gari, ke kam kusan ba ki da uzurin da zai karɓu, sai dai in aikin asibiti ne ko makamancinsa da ake duti ranar sallah, shi ma ki turo musu jadawalin su gani da idonsu.

In an yi duk wannan kuma ba ka samu zuwa ba, to ranar sallah kar ka ɓace. Kuɗin rago ya isa tun da sati, kar ya zama ranar jajibere Baba na tsaye a kara yana jiran alat. Da an sauko idi ka kira da bidiyo, yara sanye da kayan sallarsu su gaida kaka ɗaya bayan ɗaya, a zaga da wayar ɗaki ɗaki har wajen kishiyar Umma. Ka tura wa ƙaninka 'yan canji ya raba wa yaran gida barka da sallah da sunanka. Sannan ranar nan da ka yi alkawari, ko ana ruwan ƙanƙara ka cika ta, don in ka saɓa sau ɗaya baɗi ba ka da abin da za ka riƙo a hannu.

In kuma ka je, rigima ta ƙarshe tana jiranka ranar komawa, za a ce ku ƙara kwana ɗaya mana, me ake ci da sauri. Maganinta tun ranar da ka iso ka faɗi ranar tafiya a gaban kowa, in kana da hali ma ka faɗi kwana ɗaya ƙasa da abin da ka tsara, in aka roƙa sai ka ƙara, kowa ya ji daɗi. Da safen tafiya kuma Umma za ta fito da tsaraba, soyayyen nama a bokitin fenti, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu a gora, wani lokacin har da rabin buhun gero da kaza mai rai an ɗaure mata ƙafa. Kar ka ce but ya cika, kar ka ce ai akwai su a Abuja. Sauke jakar kayanka ka ɗora wa yara a cinya, ka sa gero a but, kazar kuma a nema mata kwali a huda.